Anti, in biya kuɗin gurbin Abuja ko in karɓi aikin da babu albashi?

Assalamu alaikum Anti. Na karanta ilimin ƙididdiga a jami'a, na gama hidimar ƙasa bara, inda na koyar da lissafi a wata sakandare. Tun da na dawo ina zaune a gida. Na yi kwas ɗin nazarin bayanai na 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koya wa matasa fasahar zamani, na iya manhajar Excel da ɗan Power BI ta zana alƙaluma. Kwanan nan wani abokin kawuna ya ce akwai wata hukumar tarayya a Abuja da ke ɗaukar matasa horon sanin makamar aiki na wata shida a sashen bincike da alƙaluma, wai duk wanda ya gama za a mayar da shi ma'aikacin dindindin. Ya ce gurbin na wani babba ne, sai an ba da naira 350,000 kafin ƙarshen wata. Umma ta ce za ta sayar da sarƙarta ta zinari. Abba bai hana ba, amma hankalinsa bai kwanta da zamana a Abuja ba. A gefe guda kuma, wani malamina na jami'a ya yi mini magana a ofishin ƙididdiga na jiharmu, sun ce in zo in taya su aiki wata uku, babu albashi sai kuɗin mota idan an fita aiki. Ƙawayena sun ce wahalar banza ce. Ni kuma ina tsoron in ƙi na Abuja in zo ina da-na-sani. Ki ba ni shawara don Allah.

Ƙanwarki, M.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada Umma ta taɓa sarƙarta. Da wannan na fara, don ko cajin wayarki zai ƙare a nan, kin dai ji shi.

Abokin kawun naki ya ƙulla miki abu biyu wuri guda, alhali a tsarin gwamnati kowanne da ƙofarsa. Horon sanin makamar aiki daban, ɗaukar aiki daban. Daraktan sashe yana iya sa hannu a takarda ya ce wance ta zo ta zauna da mu wata shida, wannan bai fi ƙarfinsa ba. Amma ba shi da ikon mayar da ke ma'aikaciya, ko da kuwa ke kika fi kowa ƙwazo a ginin. A ma'aikatun tarayya, hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin tarayya ce ke da wannan hurumin. Sauran hukumomi masu cin gashin kansu kuwa sai sun sami izinin ɗauka, sai hukumar daidaita rabon guraben aiki tsakanin jihohi ta duba ta amince, sannan a shigar da sunan mutum cikin tsarin biyan albashi. Wanda ya ce miki wata shida na zaman ofis zai tsallake duk waɗannan matakai, ko dai bai san yadda ake yi ba, ko kuma ya san ke ce ba ki sani ba.

Sai maganar kuɗin. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, duk kuɗin da hukuma za ta karɓa bisa ƙa'ida cikin asusun gwamnati ake biya, a ba ki rasit da sunan hukumar. Ki tambaye shi lambar asusun da za a tura dubu 350 ɗin, za ki ga sunan mutum ne zai fito. Shirye-shiryen horon da gwamnati ke yi da gaske ma ba a sayen fom ɗinsu. Ke kanki shaida ce: nawa kika biya kafin ki shiga 3MTT?

Ba zan ɓoye miki ba, ana sayar da aiki a ƙasar nan, kuma akwai waɗanda suka saya suna karɓar albashi har yau. Shi ya sa 'yan damfara ke samun kasuwa, don kowa ya san wani da ya san wani da abin ya yi masa. Amma ba a cika ba da labarin ɗaya ɓangaren ba. A 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ya zauna kan badaƙalar sayar da guraben aiki, mutane suka fito gaban kyamara suna faɗin miliyoyin da suka biya. Ofishin shugabar ma'aikatan tarayya ma ya sanar da gano sama da mutum 1,000 masu takardun ɗaukar aiki na jabu. Wasunsu sun daɗe suna zuwa ofis kafin asiri ya tonu, aka sallame su, kuɗinsu kuma ya bi ruwa. Kuma ba su da bakin kai ƙara, domin dokar 2000 da ta kafa hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta hukunta mai bayarwa kamar yadda ta hukunta mai karɓa. Hukuncin rashawa a addini kuwa ba sai na karanta miki ba, kin fi ni kusa da islamiyya.

To mu ƙaddara ma gurbin gaskiya ne, akwai kujera tana jiran ki. Me kika saya? Na sha ganin yaran da aka cusa ofisoshi ta hannun manya. Babu wanda ya nemi a kawo su, don haka babu wanda ya tanadar musu aiki. Za ki same su a benci bakin ƙofa suna latsa waya. Ƙarfe goma sha ɗaya a aike su ɗaukar hoton takardu, ƙarfe ɗaya a aike su sayo wa oga abinci, ƙarfe uku a ce su tafi gida kada su rasa mota. Kwamfutar da ke ɗauke da bayanan na teburin wani, kuma ba zai ba wa baƙuwa lambar sirrinsa ba. Wata shida ya cika, a miƙa musu takardar shaida mai tambari, in ka tambaye su me suka yi sai kame-kame. Ƙara da kuɗin zama. Wanda ba shi da ɗan'uwa a cikin gari, a Mararraba ko Nyanya ko Kubwa ko Suleja zai sauka, ya fito da asuba ya koma bayan magariba. Dubu 350 ɗin somin-taɓi ne, sarƙa ɗaya ba za ta ɗauki nauyin wata shida ba. Damuwar Abba tana da tushe, ko da bai faɗe ta da lissafi ba.

Yanzu mu zo kan abin da ƙawayenki suka raina. A wannan sana'ar, abin da ake zuwa nema a ofishin gwamnati shi ne bayanai na gaske, da wanda zai zauna kusa da ke ya nuna miki yadda ake sarrafa su. Gwamnati ce ke da mafi yawansu: yawan jama'a, farashin kaya, ɗalibai nawa ke aji, mata nawa suka haihu a asibiti. Abin da kika yi atisaye da shi a kwas an riga an wanke shi an goge, kowane layi a cike, kowane suna daidai. Ranar da aka buɗe miki fayil ɗin da ya dawo daga ƙauye za ki san cewa yanzu karatu ya fara. Za ki ga an rubuta ƙaramar hukuma ɗaya ta hanya huɗu, nan Dutsin-Ma, can Dutsinma, can D/Ma, wani ma lamba kawai ya saka. Za ki ga magidanci mai shekara 250 saboda yatsa ya zame. Za ki ga yarinya 'yar shekara 14 da haihuwa tara. Za ki ga farashin gero, wani ya ɗauko na mudu, wani na tiya, wani na buhu, duk a shafi ɗaya ba tare da an bambanta ba, kuma mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Za ki lura shekarun mutane sun taru a 30 da 35 da 40, domin da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba, sai su ba da abin da ya zo baki. Wanne za ki gyara, wanne za ki cire, wanne za ki kira mai ɗaukar bayanin ki ce ya koma gidan? Nan aikin yake. Zanen jadawali mai launi a Power BI shi ne ƙarshe, kuma shi ya fi sauƙi.

Wanda ya zauna da masu wannan aikin yana koyon wani abu kuma da kwas ba ya bayarwa, wato sanin daga inda lamba ta fito. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sai ga shi a farkon 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Mutane suka yi ta zagi a Facebook. Ba ayyuka ne suka yawaita ba, ma'auni aka sauya zuwa na ƙungiyar ƙwadago ta duniya, inda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako ake lissafa shi cikin masu aiki. Haka hauhawar farashi: kashi 34.80 a Disambar 2024, kashi 24.48 a Janairun 2025, ba don kaya sun sauko cikin wata guda ba, sai don an sabunta kwandon kayan da ake aunawa, an matsar da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Ni ina da ja a kan ma'aunin awa ɗayan nan, don a ƙasar da kusan kowa ke ɗan buga-buga ba ya nuna ainihin halin da ake ciki. Amma ja da ilimi daban yake da ihu. Idan a ganawar neman aiki kika iya warware irin wannan cikin minti biyu, kin wuce mutum ashirin masu satifiket.

Akwai wata dama da kike da ita wadda ban ga alamar kin lissafa ta ba. Ke mace ce, Bahaushiya, mai digiri a ƙididdiga. Manyan binciken gida-gida da ake yi a ƙasar nan, irin na lafiyar iyali da hukumar ƙidayar jama'a ke gudanarwa, wanda aka yi a 2018 aka sake a 2023 zuwa 2024, da wanda NBS ta yi tare da UNICEF a 2021, yawancin tambayoyinsu mata ake yi wa: haihuwa, shayarwa, rigakafi, awon ciki. A garuruwanmu namiji baƙo iyakarsa zaure. Dole sai an sami mace da za ta yi sallama ta shiga, ta gaida uwargida, ta zauna a tabarma, ta san yadda za ta tambayi mace 'ya'yanta nawa suka rasu ba tare da ta fama mata ciwo ba, ta san cewa wata ba za ta ambaci sunan ɗan farinta ba, sannan ta iya shigar da amsa a na'ura daidai. Masu haɗa waɗannan duka ba su da yawa. Idan irin wannan aikin ya taso, ofisoshin jiha ne ke tsaye a kansa, kuma idon kowa yana fara sauka ne kan wadda aka riga aka ga aikinta. Aikin wucin gadi ne, amma ana biya, kuma daga mai ɗaukar bayani ake zama mai duba aiki, daga nan a kai ga masu tace bayanan a ofis. Ban yi miki alƙawarin haka zai faru ba. Na dai san ta nan mutane da yawa suka bi.

Saboda haka ki karɓi na jiha, amma kada ki je hannu sake, don a ofishin jiha ma akwai benci. Ki roƙi malaminki ya sa a ba ki takarda a rubuce, da ranar farawa da ranar gamawa da sunan sashen. Ranar farko ki nemi sanin wa zai riƙa duba aikinki, mutum ɗaya takamaimai. Ki tambaye shi cikin ladabi: "Yallaɓai, wane aiki ne ya daɗe yana jira ba a sami mai yi ba?" Kowane ofishin gwamnati yana da irinsa, ko tarin fom da ba a shigar ba, ko rahoton da ya tsaya rabi. Ki ɗauke shi ya zama naki. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da kika yi kullum: yau na tace layi kaza, na gano matsala kaza, na warware ta ta hanya kaza. Daga littafin nan za ki cika takardar neman aikinki nan gaba, da shi kuma shugaban sashe zai rubuta miki shaidar da ta ambaci abin da kika yi, ba irin ta "ta kasance mai ladabi da biyayya" ba. Ki sa ido ki koyi manhajojin da ake ɗaukar bayani da su a waya, irin su KoboToolbox da ODK da Survey Solutions, da duk abin da suke nazari da shi, ko SPSS ne ko Stata ko R. Idan akwai wuta da data da dare, ki ƙara da SQL, harshen da ake zaƙulo bayanai da shi daga rumbun kwamfuta.

Wata ukun kuma wata uku ne. Idan sun cika aka ce ki ci gaba da zuwa haka nan, ki yi godiya, ki ce a shirye kike duk lokacin da aikin biya ya samu. Aikin kyauta yana da amfani muddin kina koyon sabon abu. Ranar da ya koma maimaici, ke ce ke yi musu alheri, ba su ba. Ƙawayenki suna da gaskiya ta nan, sun dai yi gaggawar yanke hukunci. Kuma ki zauna da Abba ku lissafa kuɗin adaidaita na wata ukun tun yanzu, kada a kai tsakiya a fara jin nauyi.

Ki kiyaye amana. Abin da kika gani a fayil ɗin ofis, sunan mutum ko cutarsa ko abin da yake samu, ba ya fita ko a hirar gida. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta wajabta sirrinsa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kada ki kwafa a filashi don ki nuna gwaninta a LinkedIn, na ga wadda wannan ya rufe wa ƙofa. Abin da za ki nuna wa duniya ki gina shi da bayanan da aka saki ga kowa. NBS tana fitar da farashin kayan abinci da na fetur da na kuɗin mota jiha-jiha, da jadawalinsu na Excel, kyauta a shafinta. Ki ɗauki farashin shinkafa da wake da manja a jihohin arewa maso yamma na shekara biyu, ki nuna yadda suke hawa da sauka tsakanin kaka da bazara, ki rubuta shafi biyu da Turanci, ki yi taƙaitawa da Hausa. Wannan ɗan aikin zai yi miki magana a inda ba ki da kowa.

Kada kuma ki daina neman na gaskiya. Akwai shirin NJFP da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2021 tare da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da tallafin Tarayyar Turai, wanda ke tura waɗanda suka gama hidimar ƙasa wuraren aiki na wata 12 da alawus. Ta intanet ake nema, da jarrabawa, ba a biyan ko sisi. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, tana da cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja da ke horar da matasa. Hukumar ƙididdiga ta Jihar Kaduna ta gudanar da shirin horar da matasa kan kimiyyar bayanai. A Samarun Zariya akwai NAERLS, masu binciken yadda damina ta kasance a faɗin ƙasa duk shekara. Hukumomin lafiya matakin farko na jihohi suna fama da alƙaluman asibitoci da ake shigarwa a manhajar DHIS2 duk wata, ma'aikatun ilimi kuma suna da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Duk waɗannan wurare ne da mai irin karatunki za ta iya rubuta wasiƙa ta kai da hannunta, ta riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa. Sanarwar da za ki yarda da ita kuwa ita ce wadda kika gani a shafin hukuma mai ƙarewa da .gov.ng, ba wadda aka turo a guruf ɗin WhatsApp ana cewa a tura wa mutum goma ba. Ƙannenki da ke jami'a kuma ki gaya musu kada su yi wasa da watannin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, kada su nemi inda za a sa musu hannu a littafi suna kwance a gida.

Saura gida, wanda a ganina ya fi komai wuya. Umma ba kuɗi take son kashewa ba, zamanki ne ke cin ranta, musamman idan ana biki ana tambayar ta ina 'yarki take aiki. Kada ki ce mata abokin kawu ɗan damfara ne, don ba ki da tabbas, mai yiwuwa shi ma wani ne ya ja shi. Ki ce mata kin sami wurin da za ki fara zuwa ranar Litinin, a nan cikin gari, za ki riƙa kwana a ɗakinki. Wannan kaɗai zai rage mata rabin damuwar. Maganar abokin kawu ki bar wa Abba, tsakanin maza ta fi sauƙi kuma zumunci ba zai taɓu ba. Abin da Abba zai nema a wurinsa kaɗan ne: sunan hukumar, inda aka buga sanarwar, da takardar da ta ce ana mayar da masu horo ma'aikata. Ya ƙara da cewa akwai wanda zai leƙa ofishin ya tambaya a sashen ma'aikata. Yawanci daga nan za ki ji an ce babban ya yi tafiya, ko an ɗage, ko wani ya riga ku. Wani lokacin kuma sai farashi ya sauko, a ce don ke ce a kawo dubu 200, sauran in an fara albashi. In hakan ta faru, Abba ya yi masa godiya, ya ce an fasa.

Idan kin yi wata guda a ofishin, ki rubuto mini aikin da suka ba ki da manhajar da suke amfani da ita, sai in gaya miki abin da ya kamata ki fi mayar da hankali a kai a sauran wata biyun. Ki gaida Umma da Abba.

Antinki.